Kakar da Na Kori 'Yan Rakiya

Ranar Lahadi ce, cikin watan azumin tsofaffi, a kakar shekara ta biyar da samun 'yancin kai. Na tabbata da Lahadin domin ba mu je makaranta ba, kuma daga ƙetaren rafi ina jin ana buga ƙarfen ɗan cocin unguwar su Malam Yohanna, malaminmu. Inna ta aike ni fadama in tsinko mata yakuwa da sauran kuɓewar da ta rage a jikin kara. Na ɗauki 'yar ƙwaryata na fita, raɓa na jiƙa mini ƙafa. Shekaruna tara a lokacin. A gonar geron da ke gefen fadama, wadda aka daɗe da girbewa, Fulani sun sako shanunsu, belbela na biye da su fari fat kamar an shanya wanki. Sai na hango wani abu ɗan mitsitsi yana gudu tsakanin ƙafafun wata saniya. Ba tsalle yake yi irin na sauran ƙananan tsuntsaye ba, tafiya yake yi da sauri-sauri, ya tsaya, ya kaɗa dogon bindinsa sama da ƙasa, cikinsa ruwan ɗorawa. Na ƙirga ɗaya, na ƙirga uku, na ƙirga bakwai. Ƙwaryar ta suɓuce daga hannuna, kuɓewa ta watse cikin ciyawa. 'Yan rakiya sun iso, isowarsu kuwa na nufin za a cire ƙanwata Abarta daga nono a kai ta Mahuta.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce ina ruwan tsuntsu da yaye. Ƙauyenmu ɗan ƙarami ne a gefen hanyar Funtua zuwa Dandume, babu mai rataye kalanda a ɗaki. Kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Iya, a Mahuta take zaune, ita kuwa duk lissafinta na shekara da tsuntsaye take yin sa. In ka tambaye ta yaushe aka haifi wane, sai ta ce ranar da shamuwa ta sauka kan kukar masallaci, ko kuma lokacin da marai ke saƙa. Ita ta raɗa wa waɗannan ƙananan suna 'yan rakiya, wai don ba ka ganinsu sai a ƙafar shanu, kamar an ce su raka su gida. Na sha tambayar mutane sunansu na gaskiya, kowa da abin da yake faɗi, ni dai na riƙe na Iya. Da damina Iya ta zo ta yi mana kwana biyu, ta ɗaga Abarta ta juya ta, ta duba haƙoranta, ta matsa cinyarta, sannan ta kira ni ta ja kunnena da wasa. "Ke mai idon shirwa," ta ce, "uwarki ba ta fita, ubanki kuwa in ba auduga ba ba ya ganin komai. Ranar da kika ga 'yan rakiya a fadama ki faɗa, a kawo mini wannan in yaye ta. Ke ce idona." Ranar har tuwo na kasa ci don jin daɗi.

Ba a banza ta ba ni aikin ba. Tun ina 'yar shekara shida ake ɗora ni kan wata rumfa mai tsawo da Baba ke kafawa a tsakiyar gona, in wuni ina jan igiyar da aka rataya wa gwangwanaye, ina ihu, ina jifa da majajjawa. Sauran yara gajiya suke yi su sauka su yi carafke a inuwa, ni kuwa sai in shagala da kallon abin da aka sa ni kora. Na san in ruwa ya kusa ɗaukewa shamuwa kan taru da hantsi su yi ta kewaya sama, sama, har su koma kamar ɗigon tawada, washegari ka duba kuka ka ga sheƙuna wayam. Na san tafiyarsu ke da wuya shirwa za ta dawo, ranar kuwa Inna za ta fito da kwando ta kife 'yan tsaki. Cilakowa na wucewa kudu ɗaya bayan ɗaya, su kaɗa fiffike su saki jiki, su kaɗa su saki, suna wannan kuka nasu mai kama da na yaron da ya ɓace wa uwarsa a kasuwa. Marai da ya yi damina yana taƙama da rawayar rigarsa sai ya tuɓe ta ya koma fari-fatau kamar matarsa, har ka rasa wane ne wane. Jan-baki kuwa ba a maganarsu, in suka taso wa dawa kamar hayaƙi, Baba har hularsa yake jifa da ita. Akwai kuma gauraka biyu da ke zuwa bakin tafki kowace kaka, ban taɓa ganin ɗaya ba tare da ɗayar ba. Duk wannan ina kawo wa Inna labari da yamma, ita tana aikinta tana cewa "uhm", amma na san tana ji.

Abin da Iya ba ta sani ba, ko ta sani ta yi shiru, shi ne ni ban manta da Habu ba. Habu ƙanena ne, shi ke tsakanina da Abarta. Ni na goye shi har bayana ya saba da nauyinsa, in na sauke shi sai in ji kamar na manta da wani abu. Wata rana Iya ta zo ta goye shi ta tafi da shi Mahuta yaye, yana waiwaye yana miƙo mini hannu. Bayan kwana goma sha biyu aka aiko, Baba ya hau kekensa ya tafi. Da la'asar ya dawo shi kaɗai, majanyin goyon Habu a naɗe a bayan keke. Ba wanda ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Aka ce Allah Ya karɓi abinSa, aka yi gumba aka raba wa yara. A kaina na yarinta sai abin ya zauna a jere: yaye, Mahuta, majanyi a bayan keke. Da aka haifi ƙanwata cikin zafin bazara, liman ya raɗa mata Hauwa'u, amma Inna ta riƙa kiranta Abarta, irin sunan da uwar da ta yi rashi kan ba ɗanta.

Don haka ranar Lahadin nan na tsince kuɓewata na dawo gida ban ce uffan ba. Ni ce 'yar fari, Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma sakar mini fuska in da mutane, don kunya irin ta iyayenmu. Tana tankaɗe na shigo, ba ta ɗago ba ta ce, "Ke, ba a ga komai a fadama ba?" Na ce ba a gani ba. Ita ce ƙarya ta farko da na yi mata wadda na shirya ta tun daga hanya. Abarta na zaune gindin turmi ta yi fari-fari da gari, jigidarta ta zamo mata ƙasan tumbi, tana ganina ta taso da wannan tafiya tata ta agwagwa ta riƙe mini zane. Na ɗauke ta na shiga bayan rumbu na yi ta sunsunar wuyanta. Amma na san shiru kaɗai ba zai isa ba, domin Iya ta yi maganar a gaban matan maƙwabta, 'ya'yansu kuwa na zuwa fadama ɗibar ruwa. In wani ya gani ya kawo labari, shi ke nan. Sai na yanke shawarar da babu mai yanke ta sai yarinya 'yar shekara tara: zan kore su daga ƙauyenmu gaba ɗaya.

Kullum da sassafe kafin a buga ƙarfen makaranta, in an aike ni ruwa, sai in ajiye tulu in zaro majajjawata daga ƙugu. Da la'asar in koma da gwangwani cike da tsakuwa. In na ruga cikin garken sai su tashi, su yi 'yar siririyar ƙararsu, su tafi suna nutsewa suna tasowa a iska kamar ana wasa da su a zare, su sauka taku goma gaba, su ci gaba da rawar bindinsu. In bi su, su koma inda na baro. Ƙaya ta cika mini ƙafa, ƙarangiya ta cika mini zane, sau biyu wani bijimi ya taso mini. Akwai wata Bafulatana mai kawo mana nono, muna ce mata Goggo Jumma, ta tsaya rannan da ƙwarya a ka ta daɗe tana kallona. "Yarinya, me suka ci miki?" ta ce. "Hatsinku ba ya gabansu, ƙuda suke ci." Na ce wasa nake yi. Ta ce to wannan wasa da gumi yake, ta wuce tana dariya har awarwaronta na kaɗawa.

A makaranta ma abin bai bar ni ba. Ajinmu na uku a gindin ɗorawa yake, ɗakuna biyun na manya ne, mu sai mu share ƙasa mu zauna mu yi rubutu da yatsa kafin a raba allo. Ran nan muna cikin karatu wasu 'yan rakiya biyu suka sauka a filin wasa inda awakin gari ke kiwo. Malam Yohanna, mutum mai son ya tsai da darasi don ya nuna mana abu, ya ce kowa ya yi tsit. Ya ce waɗannan da muke gani ba 'yan ƙasar nan ba ne, daga wata ƙasa suke mai nisa inda sanyi ke daskarar da ruwa ya koma dutse. Wai sai sun ƙetare teku, sun ƙetare hamada, babu ci babu sha, sannan su iso gonakinmu. Yara suka yi ta dariya suna cewa Malam ya faye zolaya, abin da bai kai ɗan tsako ba zai ƙetare teku? Ni ban yi dariya ba. Na tuna yadda na hana su sauka da safe, na ji kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Amma da la'asar ta yi na sake ɗaukar gwangwanina, ina ce musu a zuciyata su yi haƙuri, tunda sun iya wannan doguwar tafiya su ƙara kaɗan mana, su je Dandume.

Kwana na tafiya, kaka na nuna. Aka fara yankan dawa, dammuna suka jeru a gona, jakuna na kai da komo. Kurciya da hasbiya suka cika masussuka, in mata suka ɗaga ƙwarya suna shiƙa sai ka ga tsuntsaye na jira a gefe kamar an gayyace su. Auduga ta fashe, Baba ba ya shigowa sai magariba, gemunsa duk farin kaɗa. Wata rana aka sa wa daji wuta ta bayan gari, shirwa suka taru a kan hayaƙin, tare da wasu jajayen tsuntsaye masu kyau da ban san sunansu ba, suna cafke fara a iska. Da safe kuma sanyi ya fara cizo, har Inna ta fito da tsohuwar rigar Baba ta yanka ta ɗinka wa Abarta. 'Yan rakiya kuwa, maimakon su ragu, ƙaruwa suke yi. Na daina ƙirga su. Kowace yamma Inna ta yi tambayarta ba tare da ta dube ni ba, kowace yamma in ce ba a gani ba, ita kuma ta ce "to", ta jawo Abarta ta ba ta nono.

Wata Alhamis aka tashe mu daga makaranta da wuri, na dawo gida ta baya, ta wajen turken shanun huɗar Baba. A nan ruwan wanke-wanke ke fita ta rariya ya taru, ƙasa ta yi laushi, ƙuda na bi. Ina zuwa jikin zana na ji motsi, na leƙa ta wata kafa. Inna ce a tsugune, faifai a hannu. Gabanta, a bakin ruwan, ga ɗan rakiya ɗaya yana rawarsa. Ta waiga ta dubi ƙofar zaure, ta ga ba kowa, sai ta kaɗa masa faifan a hankali, ba da ƙarfi ba, irin yadda ake korar ɗan maƙwabta da ba a son a ɓata masa rai. Ya tashi ya sauka kan turke. Ta miƙe ta bi shi ta sake kaɗawa. Yadda hannunta ya saba da abin na gane ba yau ta fara ba. Sai karan da na jingina da shi ya karye, ta juyo, muka haɗa ido ta kafar zana. A iya sanina ba ta taɓa kallona haka ba, ta daɗe ba ta kau da kai ba. Ga majajjawa a ƙuguna, ga ƙarangiya a zanena, duk ta gani.  Da na zagayo na shigo, sai na tarar ta ajiye mini ƙanzon tuwo da man shanu a rufe, abin da ba ta saba ba. Daren ranar ba ta yi tambayarta ba, ba ta kuma ƙara yi ba.

Haka muka riƙe sirrinmu mu biyu, ni a fadama ita a turke, har aka yi kwana ashirin da ganina na farko. Ran nan da azahar ina tsefe wa Abarta kai sai muka ji sallama daga zaure, muryar da ko a mafarki na san ta. Iya ce, ƙafarta fari fat da tafiya, ƙunshin kaya a ka, kuma tana azumi, don ba ta barin na tsofaffi ya wuce ta. Inna ta shimfiɗa mata tabarma, aka gaisa, aka tambayi mutanen Mahuta ɗaya-ɗaya. Sannan ta juyo gare ni. "Ina mai idon shirwa? Ashe makanta ta kama ki ba a aiko mini ba? Mu can 'yan rakiya har sun gaji da rawa." Na sunkuyar da kai. Ta ce tun daga bakin fadama wata mai nono ta ba ta labarin wata yarinya da ta ɗaura yaƙi da tsuntsu, safe da yamma, ba hutu. Ta yi dariya, amma ba ta kai dariyar ƙarshe ba, domin na fashe da kuka na ƙanƙame Abarta na ce ba za a kai ta ba, an kai Habu bai dawo ba. Tun rasuwarsa ba wanda ya ambaci sunan nan a tsakar gidanmu sai ranar.

Na zaci duka zan sha. Sai Iya ta ce in matso. "Kwanan Habu ne ya ƙare, ba na ja da Allah," ta ce. "Amma kin san yaushe aka ba ni shi? Farkon damina, uwarki na kwance nono ya kumbura, dole aka cire shi. Rumbu ya yi ƙasa, shanu sun yi nisa, ruwan rijiya ya yi ja. Me zan ba shi? Kunun tsohuwar dawa, cikinsa ya ƙi. Ranar da na wanke majanyinsa na ce ba zan ƙara karɓar yaye ba sai tsuntsayen nan sun sauka. Lokacin ga sabon gero, ga gyaɗa, ga nono har ƙofar gida, sanyi bai yi ƙarfi ba, baƙon dauro bai shigo gari ba. Kwanakin nan ba su da yawa, ke kuma su kika wuni kina jifa." Baƙon dauro shi ne ƙyanda, mai zuwa bayan girbi ta bi yara gida-gida, kowa ya san ta.  Ashe duk gumin da na sha, tura ƙanwata nake yi wajen abin da nake gudar mata. Iya ta juya ga Inna ta ce, "Ita yarinya ce. Ke fa, ba ki san dalili ba?" Inna na kallon tabarma ta ce, "Na sani, Iya. Hannuna ne ya ƙi." Iya ta miƙa hannu ta gyara wa 'yarta ɗankwali.

Washegari aka karɓo rubutun yaye wajen liman aka ba Abarta ta sha. Inna ta shafa maɗaci a nono ta miƙa mata. Ta kama, ta saki, ta tofar, ta ɗago ta dubi fuskar Inna da irin mamakin da har yau ban manta ba. Baba ya tsuguna daga nesa yana gaida surukarsa, ita kuma ta ce masa da ni za ta tafi, tunda ban yarda da ita ba in je in sa mata ido. Baba ya ce makaranta fa, Iya ta ce makaranta na nan inda aka gina ta. Inna ba ta raka mu ko zaure ba, ta shige ɗaki ta saki labule. Muka kama hanya, Iya ta goya Abarta, ni na ɗauki kaya, muna tafe tsakanin gonakin auduga kuka na tashi daga bayan Iya har muryar ta dushe.

Kwana biyu a Mahuta Abarta ba ta karɓi komai ba sai ruwa. Iya ta dama kunun gyaɗa ta ƙi, ta dama fura da nono mai kauri ta ture ludayin, ta ba ta nata busasshen nonon ta tsotsa ta saki ta yi ta ihu. Ni kuwa na zama kamar mahaukaciya, kowane lokaci ina taɓa goshinta, ina duba maɗigarta ko ta faɗa, ina leƙa idonta. Iya ta ce in na ƙara tashin yarinyar nan daga barci don in ga ko tana numfashi, ni za ta yaye. Rana ta uku da hantsi ta ce in goya ta mu fita, ita ta biyo mu da ƙwarya a rufe. Muka je bayan gari inda aka yanke dawa, shanu cike da gona. Muka zauna kan wani dami, na sauke Abarta na ɗora ta a cinya, ta yi laushi kamar tsumma. Sai ga 'yan rakiya sun matso, ɗaya har kusa da ƙafata, tunda a nan ba wanda ya taɓa jifansu. Ya tsaya ya kaɗa bindi, ya ruga, ya tsaya ya sake kaɗawa. Abarta ta ɗago kai. Ta nuna shi da yatsa, ta fara kaɗa ɗuwawunta a cinyata tana kwaikwayonsa, ta buɗe baki za ta yi dariya, Iya kuwa da ma ludayi na hannunta. Ta haɗiye ba ta sani ba. Ta sake haɗiyewa. Kafin shanun su matsa gaba ta sha rabin ƙwarya, ni ina ta kuka Iya na ce mini sakarya. Tun daga ranar a gona muke karin kumallo.

Mun yi mako uku. Ana gab da kama babban azumi Baba ya zo ɗaukarmu da kekensa. Ya ce a ba shi Abarta ya ɗora a gaba, na ƙi, na ce a bayana za ta koma. Iya ta ɗaure mini ita da kanta, ta ja majanyin ta tamke, na hau bayan keke. Haka majanyi ya sake shiga ƙauyenmu a bayan keken Baba, amma wannan karon da ƙafafu biyu masu ƙiba suna lilo a gefe. Inna na tsaye a tsakar gida da muciya a hannu. Ba ta rugo ba, ba halinta ba ne. Ta dai ajiye muciyar a ƙasa, cikin turɓaya, ita da ba ta taɓa yin haka ba. Bayan salla baƙon dauro ya shigo ƙauyen, ya kama Abarta kamar yadda ya kama sauran. Ta kwanta kwana tara, amma ko a cikin zazzaɓin tana karɓar kunu, ga kuma jiki da ta tara, ta tashi. Akwai gidajen da nasu ba su tashi ba. Har yau nakan zauna in lissafa, in ce da Iya ba ta tako da ƙafarta ba, da na ƙara wata guda ina jifa, sai in tashi in nemi aikin yi.

Yanzu ga ni a cikin Funtua, a ɗakin haya kusa da hanyar jirgi, maigidana na aiki a wajen gurzar auduga. Daga aji uku ban ƙara gaba ba, amma ina karanta kalandar da ke rataye a bangonmu a hankali, ina kuma da katin awo wanda malamar asibiti ke rubuta nauyin yarona a ciki. Ɗan farina ne, ba zan faɗi sunansa ba, watansa goma sha tara. Iya ta rasu shekara uku ke nan, kukar masallacinsu ma an sare ta, ban san inda shamuwar ta koma ba. A nan babu mai cewa cilakowa ta wuce, in na faɗa sai maƙwabciyata ta ce ni dai da ƙauyanci. Rediyo na faɗa mana kwanan wata, amma ba ya faɗa mana ko shanu sun sauka gona. Ina tashi in taɓa goshin yaron nan sau nawa kafin asuba, Allah kaɗai Ya sani. Makon jiya Abarta ta zo, ta zama budurwa har ta fi ni tsawo, ta kawo mini sabon gero da gyaɗa, da saƙon Inna: wai in riƙa leƙa waje ko 'yan rakiya sun iso.

Jiya da hantsi na fita zubar da ruwan wanke-wanke, a bakin lambatun da shanun kasuwa ke bi, sai ga shi, ɗan mitsitsi, ciki ruwan ɗorawa, yana kaɗa bindi kamar jiya muka rabu. Faifai na hannuna, ban san lokacin da na ɗaga shi ba. Na daɗe a haka, yaron na bayana yana wasa da kitsona. Sannan na sauke hannuna, na shiga na jiƙa gero. Da yamma na faɗa wa ubansa ya nemo mana motar gida ranar Lahadi, na kuma ce masa ni ma zan zauna can wajen Inna har a gama yayen. Sai yanzu na san nauyin faifan da Inna ta riƙe.